Alƙalan da Ba a Tafa Musu

Duk shekarar da aka fitar da sunayen finafinan da za su kara a wata gasa, kafin a kai ranar ba da kambu an riga an gama shari'ar a bakin titi. A nan Wudil, a shagunan masu tura fim a waya da teburan masu shayi na wajen gada, hukuncin kusan ɗaya ne kullum: an yi son kai, an ba yaron wane, an danne na wane. Wani lokaci masu faɗin haka suna da gaskiya. Sai dai cikin hayaniyar akwai mutumin da ba a tunawa da shi sai in za a zage shi, wato alƙalin da ya zauna ya kalli finafinan nan ɗaya bayan ɗaya, ya auna su, ya ce wannan ya shige, wancan ya dakata. In ya iya aikinsa gwani ne, kuma a ganina aikinsa ya fi na yawancin waɗanda ake kira kan dandamali wuya.

A daren biki ambulan kawai ake buɗewa. Adalci ko zalunci tun a wajen tankaɗe da rairaya ake yin su, lokacin da finafinai ɗaruruwa suke komawa biyar ko shida a kowane rukuni. Wanda aka ambaci sunansa bai ci ba, ya samu abin rubutawa a jikin fastarsa. Wanda ya faɗi a rariya kuwa ko labarinsa ba a ji, balle a tausaya masa. Shi ya sa manyan gasanni suke hawa-hawa. Gasar finafinan Afirka ta AMAA, wadda marigayiya Peace Anyiam-Osigwe ta kafa a 2005, sai fim ya wuce hannun masu tantancewa kafin ya isa gaban manyan alƙalai. Dakta Shaibu Husseini, wanda aka naɗa shugaban hukumar tace finafinai ta ƙasa a 2024, ya daɗe yana jagorantar wannan kwamiti na tantancewa. Aiki ne na bayan fage, ba jar shimfiɗa, ba ɗan jarida, sai allo da ciwon baya.

Alƙali nagari ba ya wadatuwa da kallo ɗaya. Kallon farko yana yin sa ne kamar kowa, ya ajiye biro, ya bar fim ɗin ya yi masa abin da zai yi. A kallo na biyu aikin yake farawa, domin a nan ne yake raba wa kowa haƙƙinsa.

A ce fitowa ce ta uwa da aka zo gaya wa ɗanta ya rasu. Tana zaune a tsakar gida tana tsince shinkafa, mai saƙon ya yi sallama ya durƙusa, ya faɗi abin da ke tafe da shi. Ɗan kallo ya ji ƙwalla ta cika masa ido, ya ce wallahi matar nan ta iya fim. Alƙali shi ma ya ji ƙwallar, amma sai ya tambayi kansa wa ya jawo ta. Zai iya zama marubucin ne, da ya shafe rabin awa yana sa mu son yaron. Zai iya zama mai kiɗan ne, da ya sako sarewa daidai lokacin. Zai iya zama mai haɗa hoto ne, da ya ƙi yankewa ya bar kyamara a kan hannun da ya tsaya cak cikin faranti. Don ya raba gardama sai ya mayar da fitowar baya, ya kashe sauti gaba ɗaya. In fuskar nan ita kaɗai, ba sarewa ba salati, ta sake karya masa zuciya, to makin na jarumar ne. In kuwa da aka ɗauke kiɗa fuskar ta zama fanko, ya san wanda zai rubuta wa makin, kuma sau da yawa wani yaro ne da sunansa ke wucewa a guje a ƙarshen fim bayan kowa ya tashi.

Haka yake bi da sauran. Yana juya wa allo baya ya saurara da kunne zalla: ana jin janareta a ƙarƙashin hirar? Muryar da aka ɗora a situdiyo ta dace da ɗakin da ake gani, ko mutum yana tsaye a fili muryarsa tana amsa-kuwwa kamar a cikin zaure? Yana duban ɗaurin ɗankwali, ko ya sauya tsakanin tambaya da amsa. Yana duban inuwa, ko fitowar da aka fara da hantsi ta ƙare da la'asar alhali zancen bai wuce minti biyu ba. Akwai wata jarrabawa da ƙasarmu take yi wa kowane mai ɗaukar hoto: baƙin mutum cikin farar shadda a tsakiyar ranar Kano. In ya bi hasken rigar fuskar ta dushe, in ya bi fuskar rigar ta ƙone ta koma farin fili, aikin wuyan ya ɓace. Wanda ya fitar da su duka biyun, har kana ganin zaren aska takwas kana kuma ganin motsin ido, ya yi abin a yaba. Ɗan kallo ba zai san an yi komai ba. Alƙalin da ya san hannunsa zai gani, ya rubuta.

Sai kuma gajiya, wadda ita ce zaluncin da ba a yi da niyya. Fim na talatin yana da haƙƙin ido irin wanda aka ba na farko, kuma yanzu da masana'antar ta koma finafinai masu dogon zango irin su Labarina da Izzar So, abin kallon ya ninka. Kada a ɗauka wannan matsalarmu ce mu kaɗai. Hukumar da ke ba da kyautar Oscar a Amurka, wadda ta fara raba kambu tun 1929, sai a 2025 ta kafa dokar cewa dole mai jefa ƙuri'a ya kalli duk finafinan da ke cikin rukuni kafin ya yi zaɓen ƙarshe. Saboda haka alƙalin da ya ji barci ya fara fizgarsa ya tsayar da fim ya ce sai gobe, maimakon ya tura shi gaba da sauri, ya riga ya yi rabin adalcin.

Ɗaya rabin ya fi wuya, kuma duk wanda ya taɓa shiga karar Wudil ranar Juma'a ya ga irinsa. Tsohon dillali in aka jawo masa sa, ba ya tambayar na wane ne. Yana buɗe bakinsa ya dubi haƙora, ya dafa tozo, ya matsa gindin wutsiya, ya ce a ja shi ya ga takunsa. Kuma ba ya rage wa bokolo kuɗi don ba shi da dogon ƙaho irin na rahaji, kowanne da abin da ake nema a jikinsa. Wannan sanin, na auna kowane abu da mudun irinsa, shi ne abin da ya fi ƙaranci a teburin alƙalan fim, kuma mu mutanen wannan yanki muna da dalilin jin zafin rashinsa.

Marigayi Rabilu Musa Ibro ɗan Ɗanlasan ne ta ƙaramar hukumar Warawa, a Kwalejin Horon Malamai ta Wudil ya yi karatu, ya yi aikin gandiroba kafin fim ya ɗauke shi, ya rasu ranar 10 ga Disamba, 2014. Irin finafinan da ya fi shahara da su ana kiran su camama: kuɗi kaɗan, kwanaki kaɗan, kyamara ɗaya, a ɗauka a wani ƙauye a kai kasuwa. Masu ganin kansu manya a harkar sun daɗe suna yi musu kallon hadarin kaji. In aka ajiye irin wannan fim gaban alƙalin da bai ƙware ba, zai ga hoto yana rawa, ya ji iska tana bugun makirfo, ya ja layi tun daga sama har ƙasa. Ƙwararre ma zai ba hoton sifili, ya ba sautin sifili, ba zai yi kara ba. Amma in ya zo layin wasa sai ya tsaya. Zai lura da yadda Ibro yake jinkirta amsa da ɗan daƙiƙa ɗaya, har sai ɗan kallo ya fara hasashen abin da zai faɗa, sannan ya faɗi wani abin daban. Zai lura da yadda yake sauraron abokin wasansa, ya cafke kalmar da ta suɓuce masa ya gina raha a kanta nan take, abin da ba marubucin da ya rubuta masa. Zai ga yadda tsoro da cika baki suke zama a fuska ɗaya lokaci ɗaya. Wannan fasaha ce mai tsada, kuma ta fi kuka wuyar samu, domin kuka ana iya tallafa masa da kiɗa, dariya kuwa in lokacinta ya kuskure da ƙiftawar ido ta mutu. Ko'ina a duniya alƙalai sun fi karkata ga mai sa kuka, suna ganin shi ne ya yi aiki. Ina girmama duk alƙalin da zai iya cewa hoton fim ɗin nan bai da kyau, amma mutumin da ke cikinsa ya fi kowa iya wasa bana, ya kuma tsaya a kan maganarsa.

Daga nan sai maganar harshe, inda finafinanmu suka fi shan wuya in sun fita waje. Fim ɗin Hausa da aka kai gasa a Legas, yawancin masu duba shi fassarar Turancin da ke gudu a ƙasan allo suke karantawa, wadda sau da yawa a gurguje aka yi ta daren da za a rufe karɓa. Habaici ya tafi, gatse ya tafi, karin maganar da ta sa gidan kallo ya kaure da shewa ta koma jimla mara gishiri. Abin ma bai tsaya a magana ba. Uwa ta ga ɗanta na fari ya dawo daga doguwar tafiya, ba ta rungume shi ba, ba ta kira sunansa ba, ko duban fuskarsa ba ta yi ba, sai ta ce wa ƙanwarsa ta kawo masa ruwa. Wanda bai san kunyar ɗan fari ba zai rubuta cewa jarumar ta yi sanyi, ba ta nuna shauƙi ba. Wanda ya sani zai dubi yadda ta gyara mayafin da ba ya buƙatar gyara, da yadda muryarta ta ɗan karye wajen kiran yarinyar, ya gane cewa ta ɗauki farin ciki mai yawa ta danne shi a gabanmu, wanda shi ne abin da fitowar take nema.

Akwai lokutan da aka dace da masu irin wannan ido. A 2019 Najeriya ta miƙa fim ɗinta na farko ga gasar Oscar, Lionheart na Genevieve Nnaji, aka cire shi saboda Turancinsa ya rinjayi Ibo, alhali dokar rukunin ta ce dole mafi yawan maganar ta kasance da wani harshe ba Turanci ba. Shekarar da ta biyo baya aka miƙa The Milkmaid na Desmond Ovbiagele, wanda aka ɗauka a Taraba kuma yawancinsa da Hausa ne. A gasar AMAA ta 2020 shi ya zama gwarzon fim, Maryam Booth kuma ta karɓi kambun mataimakiyar jaruma. Alƙalan nan daga ƙasashe daban-daban suke, wasan kawai suka gani. A 2024 kuma Mai Martaba na Prince Daniel Aboki, wanda aka ɗauka a Daura, shi ya wakilci ƙasar. Cikin finafinai huɗu da Najeriya ta miƙa daga 2019 zuwa 2024, biyu na Hausa ne.

Ƙasar Ayilan ta fuskanci irin wannan jarrabawa, kuma labarinta ya yi kama da namu fiye da yadda ake zato. Ƙaramar ƙasa ce mai mutum wajen miliyan biyar, masu fim ɗinta kowa ya san kowa, harshenta na gado kuma Turanci ya danne shi har a cikin gida. Gasar fim ta ƙasar, IFTA, tun 2003 ake yin ta, kuma finafinan Turanci ne suke lashe babban kambu. A 2022 aka kawo wani ƙaramin fim da harshen gado, An Cailín Ciúin na Colm Bairéad, labarin wata yarinya mara yawan magana da aka kai riƙo ƙauye. Cikin abokan karawarsa har da Belfast na Kenneth Branagh, mai suna a duniya. Masu zaɓe suka ba ƙaramin fim ɗin gwarzon shekara, yarinyar da ta ja shi, Catherine Clinch, ta zama gwarzuwar jaruma. Bayan shekara guda ya zama fim na farko da harshen Ayilan da ya shiga sahun biyar na ƙarshe a Oscar. Jarumar da kusan rabin wasanta shiru ne da sunkuyar da kai, sai mai ido ne zai ga abin da take yi, kuma masu Oscar sun sami fim ɗin ne bayan na gida sun fara ganin darajarsa.

Sanayya kuwa ba a guje mata a Kannywood. Tun daga fim ɗin Turmin Danya a 1990 masana'antar a kan ubangida da yaro ta ginu. Duk wanda ya san fim har ya isa a kira shi alƙalanci, ya taɓa cin abinci a lokeshin da rabin masu takarar, wani ya halarci sunan ɗansa, wani yana binsa bashi. In aka ce sai wanda bai san kowa ba, to sai dai a ɗauko wanda bai san fim ba. Gwanin alƙali ba ya ɓoye wannan. Da an kira fim ɗin da yake da hannu a ciki, ko na yaronsa, ko na wanda suke ƙullace da juna, sai ya ce, "Ranka ya daɗe, a yi mini uzuri a wannan rukuni," ya ɗauki hularsa ya fita har a gama. Fitar nan tana da ciwo, domin gobe yaron zai zo ya ce, "Yallaɓai, kana ciki aka kayar da ni." Ya san da haka ya fita.

Akwai kuma wata sanayyar da tarbiyyarmu ce take haifar da ita. In babba ya riga ya yi magana a zama, na ƙasa ba ya musa masa. Dattijon da ya buɗe taro da cewa shi dai fim kaza ya burge shi, ya gama zaɓen ba tare da ya sani ba, sauran sai gyaɗa kai. Shugaban alƙalai mai hikima yana sa kowa ya rubuta makinsa shi kaɗai ya miƙa kafin a buɗe baki, in an zo tattaunawa kuma ya fara da mafi ƙanƙanta, ya ce, "Hajiya, ke me kika gani?", shi ya yi magana a ƙarshe. Ba sai mun je nesa koyon wannan ba. Musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa, wadda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato take shiryawa tun 1986, ta daɗe da raba aikin alƙalanta: akwai masu bin hadda, akwai masu bin tajwidi, akwai masu sauraron murya, kowa da takardarsa, sannan a haɗa jimla. Yaron ƙauye yana doke ɗan babban malami a can, jama'a su karɓa, saboda sun ga yadda aka auna.

Wani kuskuren kuma, wanda masu son a ce su adalai ne suke faɗawa, shi ne ƙin mai suna don kawai yana da suna. Ali Nuhu ya karɓi kambun jarumi mai tasowa a AMAA ta 2007 da fim ɗin Sitanda, a 2018 kuma Mansoor ɗinsa ya ci rukunin Hausa a wata gasar finafinan Afirka, AMVCA. In ya sake kawo aikin da ya fi na kowa, haƙƙinsa ne a ba shi, ko da za a yi ta surutu a wajen masu shayi. Hana shi don gudun baki shi ma son kai ne, alƙalin yana kare sunansa da kambun wani.

Ita gasar AMVCA ta yi sauye-sauye biyu a 2024 da suka shafe mu. Na farko, ta ɗauke rukunan jarumai daga ƙuri'ar 'yan kallo ta miƙa wa alƙalai, kuma na ga dacewar haka, domin ƙuri'ar waya farin jini take aunawa da yawan masoya masu kuɗin data. Na biyu, ta rushe rukunin Hausa da na Yarabanci da na Ibo ta haɗe su wuri ɗaya a matsayin harsunan Afirka ta Yamma. Rukunin da Mansoor ya ci, da Voiceless a 2022, da Aisha na Abubakar Bashir Maishadda a 2023, babu shi yanzu. A shekarar farko ta haɗewar Jagun Jagun na Femi Adebayo ne ya lashe, fim ɗin yaƙi na Yarabanci da aka kashe wa maƙudan kuɗi aka haska a Netflix. Ba na cewa bai cancanta ba. Abin da nake cewa, daga yanzu fim ɗin da aka haɗa a Kano da kuɗin da bai kai na suturar wancan ba, a ma'auni ɗaya za a ɗora su, kuma wajen tantancewa ba abin da ya rage masa sai idon wanda ke zaune a teburin.

A irin wannan tebur alƙalin da ya ji Hausa yana da aiki biyu, kuma dole ya yi su duka. Zai ce a tsayar da fim a mayar da shi baya, ya nuna wa abokan zamansa abin da fassara ta cinye, ya bayyana musu dalilin da ya sa surukin nan ya cire takalmi tun daga ƙofar zaure, da abin da ake nufi in amarya ta ƙi amsa tambayar da aka yi mata sau uku. Bayan ya gama, in ɗaya daga cikinsu ya ce to amma sautin fitowa ta goma sha biyu ya lalace, kuma labarin ya saki hanya a tsakiya don a cusa waƙa, sai ya ce haka ne, ya rage makin da hannunsa. Ba zai nemi a ba mu kambu don tausayi ba, kuma in aka zo kan fim ɗin Yarabanci ko na Twi daga Gana, shi ne zai fara tambayar wanda ya ji harshen ya nuna masa abin da shi ma fassara ta ɓoye masa.